An bar jaki ana dukan taiki: rikicin alƙalanci a gasar NFL ta Amurka

Saura sakan 17 a tashi, ci 20 da 20, kuma duk wanda ya yi nasara shi zai tafi Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football). Daren Lahadi ne, 29 ga Janairun 2023, a filin Arrowhead da ke Kansas City; mu a nan dare ya tsala har asuba ta fara ƙaratowa. Patrick Mahomes na ƙungiyar Chiefs, wanda ya shigo wasan da targaɗe a idon sawu, ya duba gaba bai ga wanda zai jefa wa ƙwallo ba, sai ya rungume ta ya kwasa yana ɗingishi zuwa gefen dama. Ya ci yadi biyar, ya taka farin layi ya fita. Wasa ya tsaya ke nan. Amma Joseph Ossai na Cincinnati Bengals, ɗan shekara 22 haifaffen Legas, ya riga ya taho a sukwane, birki ya ƙi ci. Ya sa hannu ya hankaɗa Mahomes ta baya, suka zube tare a bakin benci. Ƙyallen rawaya, alamar alƙali ya ga laifi, ya yi sama.

Aka ƙara wa Chiefs yadi 15. Bugun da za a yi daga nisan yadi 60 cikin sanyi mai ratsa ƙashi ya dawo 45, Harrison Butker ya buga ta shiga, aka tashi 23 da 20. Kyamara ta koma kan Ossai yana zaune a benci yana sheshsheƙar kuka. A ɗakin sauya kaya sai da abokin wasansa B.J. Hill ya tsaya a kafaɗarsa yana kore masa tambayoyin 'yan jarida masu zafi.

Ba a zalunci Ossai ba. Mahomes ya fita da ƙafa biyu kafin a taɓa shi, ko makaho ya shafa ya san laifi ne. Na fara da shi ne don a ga nauyin ƙyallen nan: hukunci ɗaya, wanda babu ja a kansa, ya rufe wa ƙungiya kakar wasa sukutum. To ina ga ranar da alƙalin ya jefa shi a kan abin da shi kansa bai tabbatar ba?

Ga wanda bai saba da wasan ba, lissafin mai sauƙi ne. Tsawon fili yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sabunta musu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta bar hannunsu. Duk gumin 'yan tsaro a kan abu ɗaya yake, su taka musu birki a yunƙuri na uku don su sallama ƙwallo. Hukuncin mugun wasa kuwa, in ɗan tsaro ne ya yi, tagwaye ne: kyautar yadi 15 da sabon yunƙuri huɗu. A wasan da ƙungiya ba ta cika samun ƙwallo fiye da sau goma sha biyu ba, wannan ya wuce bugun tazara, ya fi kama da fenareti ana dab da tashi. Alƙalai bakwai ne a fili, sanye da riga mai zanen baƙi da fari, shugabansu da farar hula. Ba su da kati; ƙyalle ne rawaya mai ɗan nauyi a ƙulle, suna cire shi daga ƙugu su wurga.

Wasan nan tun asali da jini aka san shi. A 1905 kaɗai aƙalla mutum 18 suka mutu a filayen makarantu da jami'o'i, a shekarar ce kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton Fadar White House ya ce a gyara. Amma tushen rikicin yau a wani ɗakin binciken gawa yake, a birnin Pittsburgh, a watan Satumban 2002. Gawar Mike Webster aka kawo, tsohon ɗan wasan Steelers da ya ɗauki kofi huɗu, ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru cikin ruɗewa da mantuwa, wani lokaci a mota yake kwana. Likitan da ke bakin aiki ranar ɗan Najeriya ne daga jihar Anambra, Dakta Bennet Omalu, wanda ko wasan bai damu da shi ba. Ƙwaƙwalwar a ido lafiya lau take. Bai yarda ba, ya sa aka yayyanka ta aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari ya taru ya daskare a cikinta irin yadda ake gani a tsofaffi masu cutar mantuwa. A 2005 ya wallafa sakamakon, cutar da yanzu kowa ke kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai. Likitocin kwamitin NFL suka rubuta takarda suna neman a janye binciken. Shugaban kwamitin nasu na ƙwaƙwalwa, abin dariya abin takaici, likitan ciwon gaɓoɓi ne.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tsohon ɗan wasa Dave Duerson ya harbe kansa a ƙirji a 2011, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa. Junior Seau ya bi bayansa a 2012. Tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500 suka kai ƙara, a 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya aka cire iyaka, kuɗin suka haura biliyan ɗaya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110, ko da yake iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo ne suka ba da gawarwakin, saboda haka ba za a ce haka kowa yake ba. Iyaye suka fara tunanin hana 'ya'yansu wasan. Masu ƙungiyoyi suka ga kasuwa na neman ɓaci.

Me za su yi? Ba za su hana karo ba, don karon ne hajar da suke sayarwa. Abin da ya fi araha, kuma kowa zai gani a talabijin, shi ne doka da ƙyalle da tara. Bayan wata Lahadi a Oktoban 2010 da aka yi ta haɗa kawuna, aka ci tarar James Harrison na Steelers dala dubu 75, Brandon Meriweather da Dunta Robinson dubu 50 kowanne. Harrison ya yi fushi har ya ce yana tunanin ajiye wasan, don abin da aka koya masa tun yana yaro, aka kuma biya shi miliyoyi a kansa, shi ne yau aka ce laifi.

Dokar da kowane saƙo nata ke da sunan wani

Mafi yawan hayaniyar a kan mutum ɗaya take, kwatabak, wato majefin ƙwallo, madugun 'yan gaba. Shi ne mafi tsada a fili. Dak Prescott na Dallas ya sa hannu a kan dala miliyan 60 a shekara a 2024. In ya karye, ƙungiya ta karye, masu kallo su sauya tasha. Ka bi dokar kare shi saƙo-saƙo, za ka ga kusan kowanne da sunan wanda aka raunata. An fasa gwiwar Carson Palmer a Janairun 2006, aka tsaurara hana kai masa duka daga gwiwa zuwa ƙasa. Bernard Pollard ya rarrafo ya kai wa gwiwar Tom Brady sura a wasan farko na 2008, Brady ya rasa shekarar gaba ɗaya, aka ƙara ɗaure dokar a 2009. Anthony Barr na Minnesota ya faɗa kan Aaron Rodgers a Oktoban 2017 ya karya masa ƙashin kafaɗa, sai a 2018 aka ce wa alƙalai duk wanda ya kayar da kwatabak ya danne shi da nauyin jikinsa, a jefa masa ƙyalle.

Yanzu ka sa kanka a matsayin ƙato mai kilo 140. Ka yi sakan uku kana kokawa da wani ƙaton irinka, ka kuɓuce, ga kwatabak a gabanka. Ba ka taɓa kansa ko wuyansa, ko da tafin hannu ne in da ƙarfi. Ba ka sauka gwiwarsa. Ba ka sunkuyar da kai ka tunkuye shi da hular kwano. In ƙwallo ta bar hannunsa, taku ɗaya aka yafe maka. In ka rungume shi a tsakiya, inda aka halatta, kada ka ɗaga shi ka maka da ƙasa, kuma kuna cikin faɗuwa sai ka san yadda za ka karkace don kada ka sauka a kansa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, shi kuma ba turke ba ne, yana gocewa yana duƙawa, inda ƙirjinsa yake ɗazu nan kansa yake yanzu.

Clay Matthews na Green Bay ya sha ƙyallen nan mako uku a jere a Satumban 2018. Na biyun, a kan kwatabak Kirk Cousins, ya soke ƙwallon da abokin wasansa ya cafke wadda da ta kashe wasan, aka ƙare da canjaras 29 da 29. A watan nan dai William Hayes na Miami ya kayar da kwatabak Derek Carr, ya ware ƙafa don kada ya danne shi, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Kocinsa da bakinsa ya ce garin kauce wa dokar ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: dokar kare lafiya ta kwantar da wanda ya bi ta.

Sai dai akwai jimla ɗaya a kundin dokokin da mafi yawan masu zagi ba su karanta ba, kuma a ganina a nan gizo ke saƙa. An rubuta ƙarara cewa in alƙali yana kokwanto a kan ko an yi wa majefi mugun wasa, to ya hukunta. A kotu, shakka riba ce ga wanda ake tuhuma; a nan an juya ta, shakka hujja ce a kansa. Ke nan hukumar NFL ta zauna ta auna kuskure iri biyu, ta zaɓi wanda za ta iya haɗiyewa: gara a cuci ɗan tsaro da yadi 15 da a fitar da tauraro a kan makara ba a busa ba. Alƙalin da ya jefa ƙyalle a kan abin da bai tabbatar ba bai kauce hanya ba, umarni ya bi. Ba shi ya rubuta ba. Kwamitin gasa ne ke kawo shawara, masu ƙungiyoyi 24 cikin 32 su ɗaga hannu a wani otal a watan Maris, su watse. A watan Oktoba kuwa ba su ake yi wa ihu ba.

Mako biyu na 2022 sun nuna wannan fiye da kowane bayani. Ran 25 ga Satumba aka hankaɗe Tua Tagovailoa, kwatabak ɗin Miami, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya tashi yana tangaɗi har gwiwa ta ƙi ɗaukarsa. Aka ce ciwon baya ne, ya dawo ya ƙarasa wasan. Kwana huɗu bayan nan, daren Alhamis a Cincinnati, aka sake maka shi da ƙasa, ya kwanta yatsunsa sun ƙage a gaban fuskarsa, duk ƙasar tana kallo. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta sallami likitan da ya bari ya koma fili, aka gyara ƙa'idar gwaji. Kunya ta rufe hukumar.

Ran 9 ga Oktoba, saura kimanin minti uku, Tampa Bay na gaba da 21 da 15, yunƙuri na uku. Grady Jarrett na Atlanta ya rungumi Brady, kwatabak ɗin Tampa Bay a lokacin, a ƙugu, ya mirgina da shi ta kan jikinsa, kayarwa irin wadda ake koyar da yara. Jerome Boger ya jefa ƙyalle, ya ce an wurgar da shi ba gaira ba dalili. Atlanta ba ta sake taɓa ƙwallo ba. (Daga baya Brady aka ci tara sama da dala dubu 11, don ya kai wa Jarrett shuri suna ƙasa.) Washegari da dare Chris Jones na Chiefs ya cim ma Derek Carr ta baya, ya fizge ƙwallon daga hannunsa suna cikin faɗuwa, ya dafa ƙasa da ɗaya hannun. Carl Cheffers ya ce ya danne majefi da nauyinsa. Majefin da ƙwallon ma ba ta hannunsa, tana hannun wanda aka hukunta! Hukumar ta ce ba ta ba da wani sabon umarni ba bayan abin da ya sami Tua. Wataƙila gaskiya ne. Ba ta ma buƙata. Alƙalai suna kallon talabijin kamar kowa, kuma ana ba su maki a kan kowane wasa, makin ne ke sa a ba mutum alƙalancin wasannin ƙarshe ko a hana shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Idon mutum da idon na'ura

Mu da muke gida ana nuna mana karo ɗaya ta kusurwa shida, an rage masa gudu har kana ganin lokacin da igiyar hula ta motsa. Alƙalin sau ɗaya ya gani, da cikakken gudu, daga bayan kwatabak, ƙattai na gilmawa tsakani. Sannan ba ma'aikatan dindindin ba ne. Ed Hochuli, wanda ya fi kowa suna a zamaninsa, lauya ne daga Litinin zuwa Juma'a. An gwada ɗaukar wasu aiki na cikakken lokaci a 2017, aka watsar a 2019. Ni ban ga yadda zaman ofis zai ƙara wa ido sauri ba, amma na san ba a raina su: da aka yi rikicin albashi a 2012 aka kawo 'yan haya, mako uku kacal aka yi, wani hukunci a wasan Seattle da Green Bay ya sa aka dawo da na ainihin cikin kwana biyu.

Abin da ke ƙona ran masu kallo kuma ba yawan ƙyallen kaɗai ba ne, rashin daidaito ne. Ran 20 ga Janairun 2019 a New Orleans, ci 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu, Nickell Robey-Coleman na Rams ya zo ya yi karo da Tommylee Lewis na New Orleans, kai da kai, tun ƙwallo ba ta iso ba. Laifi biyu a karo ɗaya, ɗayansu irin wanda aka ce don shi ake duk wannan gyara. Babu wanda ya taɓa ƙugunsa. Rams suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci, suka wuce Super Bowl. Bayan kwanaki aka ci tarar Robey-Coleman dala 26,739, ihu bayan hari. A Oktoban 2024 Byron Young, shi ma na Rams, ya cafki ƙarfen fuskar hular Sam Darnold ya murɗe masa wuya. Shi da kansa ya dafe kai yana jiran ƙyalle, alƙalai suka ce ba su gani ba. Darnold ai kwatabak ne. Ina kokwanton da aka ce a hukunta a kansa?

Sai a ce a koma ga faifan bidiyo mana. An gwada. Bayan abin kunyar New Orleans aka ba masu horarwa damar ƙalubalantar irin wannan hukunci a 2019, ofishin hukumar da ke New York ya riƙa ƙin sauya ko da abin da yake a fili, shekara ɗaya aka binne tsarin. Duk wanda ya ga yadda VAR ta kasa kashe gardamar taɓa ƙwallo da hannu ya san dalili. Na'ura tana faɗa maka ko ƙafa ta taɓa layi. Ba ta faɗa maka ko duka ya kai a kira shi "mai ƙarfi", ko wurgarwa "ba ta zama dole ba", kuma da irin waɗannan kalmomi aka gina dokokin. Abin da suka yi a 2024, suka faɗaɗa a 2025, shi ne barin wani alƙali da ke gaban allo ya sa a ɗauke ƙyallen da aka jefa bisa kuskure bayyananne, misali aka ce an bugi kai alhali ba a taɓa shi ba. Amma ba shi da ikon jefa wanda ba a jefa ba. Da za a maimaita abin Darnold gobe, haka za a sake wucewa.

Kowace kariya kuma tana haifar da masu cin ribarta. Doka ta ce in kwatabak yana gudu ya zame ƙasa, ƙafa a gaba, ya sallama, kada a taɓa shi. Ran 1 ga Disamban 2024 Trevor Lawrence na Jacksonville ya zame, Azeez Al-Shaair na Houston ya taho ya kai masa damtse a fuska, Lawrence ya sandare a ƙasa, faɗa ya kaure. Aka kore shi, aka dakatar da shi wasa uku, kuma ya cancanta. Abin da bai cancanta ba shi ne zagin addini da launin fata da ya ce an yi masa da iyalinsa, kasancewarsa Musulmi. Mako bakwai bayan nan Houston ta je Kansas City. Mahomes ya yi ta gudu har sai da 'yan tsaro biyu suka riga suka saki jiki, sannan ya zame. Su biyun suka fi haɗa kai da junansu fiye da yadda suka taɓa shi, aka ba Chiefs yadi 15. Troy Aikman, wanda shi ma tsohon kwatabak ne da ya sha bugun kai, yana sharhi kai tsaye ya kasa haɗiye takaicinsa. Can kuma Mahomes ya rage gudu a bakin layi yana jiran a taɓa shi, aka ɗan ture shi ya zube. Wannan karon alƙalai ba su saya ba, shi ma daga baya ya yarda ya yi yawa. Ɗan tsaro gaba kura baya sayaki: in ya taho, yadi 15, in ya tsaya, mutumin ya ƙi zamewa ya wuce shi, gobe koci ya nuna shi a allo a gaban kowa.

Daga nan ne zancen cewa alƙalai na Chiefs ne ya cika gari, har kwamishinan gasar Roger Goodell ya fito ya ce shirme ne. Ni ma ban yarda akwai wani ɗaki da ake rubuta sakamako ba. Philadelphia ta lallasa Chiefs 40 da 22 a Super Bowl ɗin da ya biyo baya, babu ƙyallen da ya cece su. Amma hukumar ce ta shuka zargin. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, NFL ta ƙulla ciniki da kamfanonin caca DraftKings da FanDuel da Caesars a 2021. Mutumin da kuɗin hayarsa ke kan wasa, ka ce masa kuskure ne na ɗan Adam, ba zai ji ba.

Akwai kuma inda dukan ya koma da aka kore shi daga kai. A Agustan 2013 D.J. Swearinger na Houston ya sauka kan gwiwar Dustin Keller na Miami ya wargaza ta, ya ce tsoron tara ne ya sa ya yi ƙasa. Babu laifi a doka. Keller bai sake buga wasa ba. Da suka koma kamawa ta baya, a rataya a jikin mutum a saki nauyi a kan ƙafafunsa, sai idon sawu ya fara karyewa, kamar na Mark Andrews na Baltimore a Nuwamban 2023. A Maris na 2024 aka haramta wannan ma, duk da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ce ba ta so. Dokar na da sharuɗɗa uku da sai sun haɗu, kuma manyan hukumar sun san da wuya ido ya tantance su a guje, shi ya sa a shekarar farko da ƙyar aka ga ƙyalle a kanta. Wasiƙar tara ce ke iske mutum a tsakiyar mako. Wato an kai inda ake kafa dokar da aka san alƙalin fili ba zai iya gani ba.

Kada a ɗauka ina tare da masu cewa an mayar da wasan na rago. Yawancinsu daga kan kujera suke faɗa, kuma ba su za su manta sunayen 'ya'yansu suna da shekara 50 ba. Gyaran ya yi amfani. Tunkuyi da kai irin na 2010 yanzu ya zama abin mamaki in an gani, yara ma an sauya yadda ake koya musu kayarwa. Hukumar ta ce an sami buguwar ƙwaƙwalwa 182 a kakar 2024, mafi ƙaranci tun da ta fara wannan lissafi a 2015. Sai dai ka duba abin da ya taimaka: ingantattun hulunan kwano, rigar soso da ake ɗora musu a atisaye, da sauya tsarin bugun farko don kada mutane su taho daga nisa su gwabza. Waɗannan ba sa jiran wani ya yanke hukunci cikin rabin sakan. Kuma masu ƙungiyoyin da ke rantsuwa da lafiyar 'yan wasa su ne suka ƙara wasanni daga 16 zuwa 17 a 2021, suna harin 18, su ne suka sayar wa Amazon wasan daren Alhamis a kan kimanin dala biliyan ɗaya a shekara, irin daren da Tua ya fita bayan hutun kwana huɗu.

Mike Webster, wanda daga ƙwaƙwalwarsa aka faro, ba kwatabak ba ne, ba kuma mai cafke ƙwallo ba ne da ake tsinkewa a sama. Ɗan tsakiyar sahu ne, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Da ya miƙa, sai ya ɗago ya haɗa goshi da ƙaton da ke gabansa, sau sittin ko saba'in a wasa, ban da atisaye, shekara 17. Masu binciken Boston suna ta nanata cewa yawan ƙananan bugun nan da tsawon shekarun da aka yi ana shan su ne suka fi tafiya da cutar, ba sumewa ɗaya ko biyu da ake nunawa a labarai ba. Irin wannan bugu yana nan a kowane yunƙuri na kowane wasa ranar Lahadi, mutum tara ko goma a lokaci ɗaya, a gaban alƙalai bakwai, kuma babu ɗayansu da zai kai hannu ƙugu, don a kundin babu inda aka ce laifi ne.